Ƙofar da Kwamfuta Ba Ta Gani Ba

Ranar da Injiniya Sadiƙa ta buɗe kwamfutarta gaban kwamitin mazaɓar Tsamaye, har waɗanda ba a gayyata ba sai da suka leƙo ta taga. Ɗakin haihuwa wata ƙungiya za ta gina, ita kuwa ɗiyar garin ce, kuma wannan ne aikinta na farko. Ta yi musu bayanin tsarin da injiniyoyi ke kira BIM: a gina ginin kaf cikin kwamfuta, daga tushe har kwano, kowane rodi da bututu a mazauninsa. Duk inda abu biyu suka ci karo, sai wurin ya yi ja tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Nan fa kowa ya ɗora wa na'urar buƙatarsa. Alhaji Nasiruddeen, shugaban kwamiti, ya tambaya ko tana kama ɓarayin siminti. Wani dattijo ya so a tabbatar masa itatuwan nan kore shar na cikin hoton tare da ginin za a kawo su. Shi kuwa Malam Hafizullahi, wakilin ƙungiya, murnarsa ɗaya: daga Sakkwato zai riƙa duba aiki, ya huta da hanyar daji.

"Kenan ba sauran a gina a rushe?" in ji shi.

"Bulo ɗaya ba za a fasa ba, ranka ya daɗe," in ji Sadiƙa. Daɗi ya ɗebe ta har ta haɗa da rantsuwa.

Daga bakin taga Adda Mairama ungozoma ta yi gyaran murya. Rabin mutanen ɗakin ita ta yanke musu cibi, har da injiniyar.

"Ɗiyata, mai naƙuda ta ina za ta shiga?"

Sadiƙa ta juya hoton ta nuna mata ƙofa, faffaɗa, tana kallon hanya.

"Can wajen icen da maza ka zama?"

Alhaji Nasiruddeen ya yi dariya ya ce, "Haba Adda, na'ura ta duba komi, ba ta ga ja ba." Tsohuwa ta gyara lulluɓi ta kama gabanta.

A faɗi gaskiya, na'ura ta yi aikinta. Ta gano bututun da zai ratsa ginshiƙi, ta ƙidaya bulo bai ragu ba bai gaza ba, aka yi rufi kafin ruwan farko. Aka yanka zare, aka ci shinkafa.

Wata uku cur ba a ji kukan jariri a ciki ba. Yara masu zazzaɓi sun zo, manoma masu saran fartanya sun zo. Masu ciki kam ko ƙeyarsu. Ina macen Tsamaye da za ta ratsa majalisar maza da tashar masu mashin tana dafe da ƙugu, gari duka ya san abin da ke tafe da ita? Sadiƙa ta san wannan kunyar sarai, cikinta ta tashi. Kawai dai kwamfuta ba ta da gurbin da ake rubuta ta, ita kuma ba ta nema ba.

Sai abin ya biyo ta gida. Ƙanwarta Zulaiha, cikin fari, naƙuda ta kama ta bayan azahar. Ta daure har kusurwar ginin, ta hango surukinta zaune ƙarƙashin icen, ta juya gida. Haihuwa ta zo da gardama. Aka goya ta a mashin zuwa asibitin Sabon Birni, Sadiƙa na tallafe da ita ta baya, kowane rami sai ta ji shi a ranta. Allah ya yi da sauran kwana, uwa da ɗa suka rayu.

Washegari Sadiƙa ta kira Talha magini, ta miƙa masa guduma. Kunya ta ishe ta, ga rantsuwa a kanta, amma ta ce wa Adda Mairama ta nuna wuri. Tsohuwa ta zagaya baya, inda hanyar mata ke fitowa daga cikin dawa, ta dafa bango.

"Akwai bututu nan," in ji Sadiƙa.

"To shi matsa," in ji Adda.

Talha ya fasa bulo arba'in da ɗaya. Sadiƙa ta yi kaffarar azumi uku, sannan ta shigar da sabuwar ƙofar cikin kwamfuta, wurin ya yi ja wur.

Bayan wata biyu Malam Hafizullahi ya bugo waya daga Sakkwato, ransa a ɓace. Ya ce ya ga kuskure a bangon baya, maza ta goge kafin manya su gani.

Sadiƙa ta dubi ƙofar. Adda Mairama na zaune a dokin ƙofar tana wanke hannu.

"Ranka ya daɗe, za ni bari nai haka nan," in ji ta. "Ta cikin kuskuren nan jarirai goma sha ɗaya sunka fito."