Tafiyar da Baba Eli Ya Zana a Kwali

Sai da wani abu ya daki katakon da ya raba ɗakinmu da na Harrison karo na uku, sannan Baba Eli ya ajiye biro.

"Wannan kan mutum ne," in ji shi.

"Rabu da su, Baba. Shekaranjiya ma haka suka yi."

Juma'a ce, cikin watan Oktoban 2012. Ni na dawo daga masallaci, shi ya dawo daga coci, don a Dubai ranar ce kowa yake hutu. Mu goma sha ɗaya ne a filat ɗin namu na Hor Al Anz, an yayyanka falo da katako an mai da shi ɗakuna. Gadon Baba Eli na ƙasa, nawa na sama. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, ya ba hamsin baya, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Jebel Ali. Shekararsa shida bai riƙe filafilin tuƙa kwalekwale ba. Ni kuwa Mu'awiya, Bakano, ina ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a Deira, kuma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

A tsakaninmu akwai kwalin talabijin da ya farke ya shimfiɗa a ƙasa. A bayansa ya zana tafkin Kainji da hannunsa, da tsibirai da tungayen masunta. A watan Disamba mu biyun za mu tafi hutu gida, shi kuwa ya rantse sai ya kai ni ruwa. Kwana biyar a kwalekwalen ƙanensa Sulaiman, daga Yawuri mu gangara, mu kwana a tsibirin Foge, mu ƙetare zuwa Shagunu. Ya sa alamar gicciye a duk inda dorinai suke kwanciya. Ƙarƙashin gadonsa akwai tanti, da gidan sauro biyu, da ƙugiyoyi, da wata rigar da ba ta bari mutum ya nutse, wadda ya saya mini.

"Gari da gishiri da barkono kawai za mu ɗauka," haka yake cewa. "Nama yana cikin ruwa. Giwan ruwa, Bakano. Ba wannan kifin firjin da kuke ci ba."

Aka sake dukan katakon, har hoton da ke jikinsa ya faɗo. Wannan karon muka ji muryar Mary-Jane, ba ihu ba, wani irin kakari. Baba Eli ya miƙe, ya gyara zanen da ya ɗaura a ƙugu, ya fita. Na bi shi.

Harrison ƙato ne, gadi yake yi a wani babban kanti. Matarsa Mary-Jane kitso take yi gida-gida, bizarta ta ƙare wata takwas da suka wuce, fasfonta kuma yana hannunsa. Ranar ta gano inda ya ɓoye shi, ta soke a cikin zanenta, tana so ta koma Jos. Shi ne ya kama ta.

Ƙofar katako ce marar ƙarfi, Baba Eli ya sa kafaɗa ta buɗe. Harrison ya naɗe kitsonta a hannu yana buga goshinta da bango. Jini ya wanke mata haɓa. Na ga haƙori ɗaya a kan leda, kusa da takalminsa.

"Harrison, sake ta."

"Baba Eli, fita. Matata ce."

"Na ce ka sake ta. Kashe ta za ka yi?"

Bai sake ba. Baba Eli ya kama wuyan hannunsa ya murɗe, irin murɗar mutumin da ya girma yana jan komar kamun kifi. Harrison ya yi ƙara, yatsunsa suka buɗe, Mary-Jane ta zube. Akwai dutsen guga a kan gado, wayarsa a jone. Ban ga lokacin da ya ɗauka ba. Na dai ga wayar ta fizge daga bango, na kuma ji ƙarar. Ƙara ce gajeriya, kamar an sari kwakwa. Baba Eli ya durƙusa, ya dafa ƙasa, ya kife.

Duk wannan ina tsaye a bakin ƙofa. Sai a lokacin na motsa. Na rungumo Harrison ta baya, ya kai mini gwiwar hannu a baki, na ji leɓena ya fashe. Muka faɗa kan fanka, ta karye. Ya hau kaina ya shaƙe ni har na fara ganin duhu. Ado, wani direba da ke ɗakin ƙurya, shi ya fito da kujerar roba ya rafka masa a baya sau biyu. Harrison ya tashi, ya dubi Baba Eli a kwance, ya fita da gudu ko takalmi babu.

Ba a fi minti biyu ba Baba Eli ya buɗe ido. Ya zauna da kansa. Jinin ba shi da yawa, 'yar tsaga ce sama da kunnen hagu. Na ciro waya.

"Wa za ka kira?"

"Motar asibiti, Baba."

"Ajiye. In ta zo, shurɗa na bayanta, 'yan sanda ke nan. Yarinyar nan ba biza. Kai ma ka san mu nawa ne a gidan nan, mun wuce abin da doka ta yarda." Ya taɓa wurin, ya dubi yatsunsa. "Kalas, magana ta ƙare. Sandar jirgi ta taɓa yi mini fiye da wannan."

Na ajiye wayar. Ba zan ɓoye ba, sai da na ji sanyi a raina da ya ce haka.

Mary-Jane ta naɗo ƙanƙara a tawul ta ɗora masa, bakinta a kumbure. Ya sha fanadol biyu. Ya ce mata ta haɗa kayanta ta tafi Al Nahda wurin Madam Turai, wata 'yar cocinsu, kafin mijin ya dawo. Ta ce to, amma ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin ƙofarmu tana kallonsa.

Shi kuwa ya jawo kwalin.

"Yalla, mu ci gaba, ina muka tsaya? Kwana na uku. Nan iska take tasowa da azahar, saboda haka da sassafe za mu ƙetare. Kai kana gaba, ni ina baya. Abu ɗaya nake roƙonka, duk girman kifin da ya ja, kada ka miƙe tsaye."

"Ba zan miƙe ba."

"Duk Bakanon da na ɗauka haka yake cewa."

Muka yi dariya, har Ado. Ya kwatanta mana yadda ake kafa mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi, da yamma a ɗebe shi da safe, da yadda ake gasa ƙarfasa a kan yashi ba tare da tukunya ba. Aka yi kiran la'asar, na yi salla a gefen gado, na dawo na same shi yana murza ido.

"Kwana na uku," in ji shi. "Nan iska take tasowa da azahar."

"Ka faɗa ɗazu, Baba."

"Na faɗa?" Ya nemi ya ɗauki biro, yatsunsa suka wuce ta gefe. Ya sake gwadawa. "Sulaiman, ruwa na shiga ta nan. Miƙo ƙwarya."

"Baba, Mu'awiya ne."

Sai amai ya ƙwace masa, ya wanke masa ƙirji. Ya kwanta ta gefe, ƙafarsa ta dama tana harbawa, ya fara wani minshari mai nauyi. Na ɗaga fatar idonsa. Baƙin idon hagu ya buɗe ya cika wurin.

Mary-Jane ce ta ɗauki wayata daga kan gado. Ado ya ce, "Ke, kin san abin da zai biyo baya?" Ba ta ko dube shi ba. Ta kira motar asibiti, ta faɗi sunan titi da lambar gida da Turanci, sau biyu, don bakinta ba ya fitar da magana sosai. Sannan ta sauka ƙasa ta tsaya a bakin titi, fasfonta a hannu, don kada su wuce gidan.

Washegari da hantsi Baba Eli ya cika a asibiti. Likita ya ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kai, yana danne ƙwaƙwalwa a hankali tun daga lokacin dukan. Ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru. Na faɗa masa. Ya dubi takardar hannunsa.

Ni na kira Sulaiman a Yawuri. Da ya ɗauka ina jin bugun guduma a bayansa.

"Ah, Malam Mu'awiya! Gaya wa Yaya na canja katakon gindin kwalekwalen, saura toshiya. Kafin ku zo a shirye yake."

Na ce masa ya nemi wuri ya zauna. Bugun gudumar ya tsaya.

An kama Harrison kwana biyu bayan nan a wata tashar bas. Mary-Jane ta ba da shaida, aka tsare ta, daga baya aka sa ta a jirgi zuwa gida. 'Yan cocin su Baba Eli suka ɗauki nauyin mayar da gawarsa. Mu kuwa aka yi ta kai mu ana dawo da mu ana tambayoyi, mai gida ya ba mu mako guda mu tashi.

Ranar Talata na shiga kicin in kwashe tukwanena. A can ƙuryar kanta na ga wata roba shuɗiya an rufe ta da faranti, an rubuta ELI a jikinta da jan farce, yadda kowa yake yi wa kayansa. Na ɗaga farantin. Wake ne ya jiƙa, ina jin ƙosai ya yi niyyar yi. Ruwan ya tsotse, waken ya kumbura ya tsage, kowane ɗaya ya fitar da ɗan farin tsiro.