Ɗan Ina Ne Rabi'u?

Ranar da rediyo ta sanar an ba Zamfara jiha, Rabi'u Sahabi yana cikin matasan da suka cika bayan a-kori-kura daga Tsafe zuwa Gusau, suna kaɗa ganye suna kirari har muryarsa ta dushe. Ya gama karatun aikin gona a Zariya, amma abin da ya samu kawai shi ne koyarwa ta wucin gadi a wata firamare a Bungudu. Da ya koma gida ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, wahala ta ƙare. Yanzu gwamnati ta zo ƙofar gida."

Inna Talatu ta ce, "Allah ya sa, ɗana."

Da damina ta kusa aka yi shelar ɗaukar malaman gona. Rabi'u ya sa sabuwar shadda ya tafi Gusau. Mutum uku ne suka yi masa tambayoyi, kan tsutsar dawa, kan takin auduga, kan ajiyar wake. Ya amsa har babbansu yana gyaɗa kai. Sai na gefe ya ce, "Mahaifinka ɗan ina ne?"

"A Tsafe ya zauna, ranka ya daɗe. Can kabarinsa yake."

"Ba inda ya zauna na tambaye ka ba."

Rabi'u ya faɗi gaskiya. Malam Sahabi ya zo ne daga wani ƙauye a ƙasar Katsina tun yana saurayi, sayen auduga ya kawo shi, ya yi aure, bai sake komawa ba.

Babban ya sunkuyar da kai. "Yaro, ka san aikinka. Amma wanga aiki na 'yan asalin jiha ne. Ka gwada can wurinku."

Sai ya tafi wurin nasu, ƙauyen da bai taɓa takawa ba. Dagacin ya karɓe shi da fura, ya kira wani tsoho da ya tuna da Sahabi mai auduga. Aka yi addu'a. Da aka zo maganar takardar shaidar ɗan asalin gari, dagacin ya ce, "Ba mu san haihuwarka ba, ba mu san tashinka ba. Ai kai Bazamfare ne, ko a bakinka ana ji."

Ya dawo Bungudu ya ci gaba da riƙe alli. Ranar da babu makaranta yakan hau keke zuwa ƙauyen Kekun Waje, ya duba wa manoma gonakinsu kyauta, don kada karatun ya ruɓe a kansa. Suna kiransa malamin gona, shi kuma sunan yana sosa masa rai. Da aka zo zaɓen farar hula ya bi layi cikin rana ya jefa ƙuri'a. Ranar babu wanda ya tambayi garin ubansa.

Bayan 'yan watanni aka tantance malaman wucin gadi, aka sake yi masa tambayar nan, aka sallame shi.

Wani abokinsa direba, Shu'aibu, ya ce akwai mai neman wanda zai kula masa da gonar kaji a Ibadan. Inna Talatu ta rako shi har tashar Gusau, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙa masa ƙullin ƙuliƙuli, ta ce, "Ni na haife ka a ɗakin da aka haife ni. Wannan bai isa shaida ba?"

"Sun ce uba ake bi, Inna."

"To uban ma mi ya yi musu, ban da ya mutu a cikinsu?"

Kwandasta ya fara buga jikin mota, Rabi'u ya shiga.

Ya yi suna a aikin kaji a can, ya iya Yarbanci, ya yi aure. Inna Talatu ta rasu a shekara ta biyu da tafiyarsa. Kafin saƙo ya same shi ya hawo mota, an riga an yi sadakar uku.