Dokar Yaya a Sama

Tun kafin Auta ya sauke jakarsa Yaya ya tare shi a ƙofar asibitin, fuska a murtuke.

"Sai yanzu, injiniyan gida? Akwatin nan naka ya sake tsiyarsa."

Asibitin na Yaya ne, ɗakuna shida da wurin ɗaukar hoton ƙashi. Auta ƙaninsa ne, shi ke kula da kwamfutocin wurin, shi kuma ya kafa akwatin da ake magana a kansa, wani baƙin ƙarfe a kan kanta bayan ɗakin magani. Duk abin da zai fita intanet ko ya shigo sai ya bi ta cikinsa. Kamar mai gadi yake: ya leƙa kowace manhaja, ya duba jerin dokokin da aka rubuta masa, ya ce wannan ta wuce, waccan ta koma.

A kan gadon ɗakin jira wata tsohuwa ce kwance. Santsi ya ɗebe ta a banɗaki da safe, ƙugu ya ƙi motsi. An ɗauki hoton ƙashin. Likitan ƙashi kuwa a wani gari yake, ta manhaja ake tura masa hoto, ya duba, a yi magana ana ganin juna. Ya riga ya ce ƙarfe sha ɗaya zai shiga tiyata, ba fitowa sai yamma. Saura minti ashirin, hoto ya ƙi tafiya.

"Sau bakwai ina turawa," in ji Sista, nas ɗin da ke riƙe da hannun tsohuwar. "Sai ya yi ta juyi kamar akuya a turke."

"Kin gani ko," Yaya ya ce, da ƙarfi yadda har masu jiran kati suka juyo. "Shekara uku yana karatun wayoyi, abin da ya kawo mana ke nan."

Auta ya juya. Ya wuce bayan ɗakin magani, ya zauna a kan kwalin ruwan ƙari, ya buɗe jerin dokokin. Sha ɗaya ya rubuta da hannunsa. Ya ƙirga, sha biyu. Can a saman su duka ga wata baƙuwa, da manyan baƙaƙe: HANA KALLO. Jiya da la'asar aka saka ta. Mutum biyu ne kawai suka san kalmar sirrin akwatin, shi da Yaya.

"Yaya, zo. Wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Mai ba da kati fim take kallo, marasa lafiya na tsaye. Kai zan zauna jira?"

"Ba hanawar ba ce. Me ya sa ka ɗora ta a sama?"

Yaya ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsu.

"To a ina zan sa ta? Ƙarƙashin naka? Wa ya girmi wani?"

Auta ya miƙe. Tun yana yaro bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Akwatin nan bai san wa da ƙani ba. Daga sama yake karantawa, dokar da ya fara tararwa wadda ta shafi manhajar ita yake bi, ba ya duba saura. Ka ce duk abin da ke da hoto mai motsi a tare. Manhajar likita da me take aiki? Dokar da na buɗe mata hanya tana nan ta uku, ko kallonta bai yi ba. Ka rufe ƙofa da kanka, ka fito gaban mutane kana yanka ni."

Ya ja dokar Yaya ya sauke ta ƙasa, ta koma ta goma.

"Ni za ka sa a ƙasa?"

"Dokarka, Yaya. Za a ci gaba da tare fim, kar ka damu."

Daga ɗakin jira Sista ta ce, "Hoton ya tafi." Sai ga likita ya bayyana a manhajar, yana gyara hular tiyata. Ya duba hoton, ya ce karaya ce, kada a bar ta ta taka, a sa ta a mota yanzu, zai sa a tanadar mata gado. Saura minti huɗu.

Yaya ya yi gyaran murya. "To ai ga shi ya yi."

Auta bai ɗago ba. Yana zaune a kan kwalin, yana canza kalmar sirri.