Tsayar da Shi

Aska na kan maƙogwaron Yaya lokacin da Tica ya faɗo shagona yana ɗaga waya sama, yana cewa yau gardama ta ƙare. Wai ya samo bidiyon wasan, cikakke, har da abin da ya faru a kusurwa tsakanin turmi da turmi. 

Yaya shi ne Guduma, wanda ya riƙe kambun damben zamani na masu nauyi shekara huɗu. Ni ƙaninsa ne, kuma kafin in zama mai aski ni ke tsayar masa da jini a kusurwa: auduga, ƙanƙara, basilin, da minti ɗaya tak kafin a kaɗa ƙararrawa. Ranar da ya kara da Bahago, bayan turmi na tara, ya zube kan kujera girarsa ta hagu a fashe, ya ce mini, tsayar da shi. Na jefa tawul, kambu ya tafi. A gaban 'yan jarida Yaya ya ce jini yake nufi, ƙaninsa ne ya ruɗe ya tsayar da wasa.

Shekara ashirin da uku ke nan sunana Mai Tawul. Wannan ban damu da shi ba sosai, mutum na sabawa da kowane suna. Abin da ban saba da shi ba shi ne Inna. Ta ce 'ya'ya biyu ta haifa, ɗaya jarumi, ɗaya kuma ya sayar da ɗan'uwansa saboda tsoro. Har yau in na durƙusa gaishe ta a gidan Yaya, bango take amsa wa. Ga shi tsufa ya ci ƙarfinta, likita ma ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Tica da Direba kuwa, abokan hira a shagona, sun mai da wasan nan abincinsu na kowace Asabar. Tica, wanda ya yi ritaya daga koyar da lissafi bai yi ritaya daga iyayi ba, ya dage cewa Guduma ne ke gaba da maki, kuma irinsa sai a turmi na ƙarshe suke kashe wasa. A wurinsa zakara ba naushi ke kayar da shi ba, mutanen kusurwarsa ne. Direba ya ce sam. Bahago ya fi ƙafa, yana zagayawa ta inda Guduma bai saba ba, kuma tun turmi na shida ya daina neman kai ya koma dukan haƙarƙari. Wanda aka cinye wa numfashi, in ji shi, ko maki ɗari gare shi ya gama. Duk wannan a gabana suke yi, wani lokaci a gaban Yaya, shi kuwa sai dai ya lumshe ido ya yi murmushin manya.

Wannan karon, suka jingina wayar a jikin madubi, daidai inda Yaya zai gani ko ba ya so. Na ci gaba da gyara masa gemu. Turmi na bakwai ya wuce, na takwas ya wuce, Tica na ihu duk sanda Guduma ya kai hannun dama, Direba na ƙirga dukan ciki da yatsu. Aka kaɗa ƙararrawar ƙarshen na tara. Sai ga ni a allo, siriri, da gashina cike da kai, na sunkuya kan fuskar Yaya. Tica ya rage gudun hoton yana murna, ya ce kowa ya duba leɓensa, ga kalmomin nan uku suna fita.

Direba bai kalli leɓe ba. Mutumin da ya shekara talatin yana hango rami a titi ba ya kallon inda aka nuna masa. Ya sa aka mayar baya, aka sake mayarwa, sannan ya matso har numfashinsa na taɓa madubi.

"To ina jinin?" ya ce. "Audugar nan fara ce tas."

 Gaskiya ce, babu jini. Cikin daƙiƙa ashirin na tsayar da shi, kuma ban taɓa aiki mai kyau kamar na ranar ba. Da Yaya ya yi maganar, girar a bushe take. Na san abin da ya ce, na san abin da yake nufi, shi ma ya san na sani.

Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina roƙon Allah ya kawo wannan rana. Na tanadi maganganu, na wasa su kamar yadda nake wasa aska. Amma ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka a ƙarƙashin hannuna, ga gumi ya keto masa ta cikin kumfar sabulu. Mutumin nan ba shi da komai sai sunan cewa bai taɓa neman a cece shi ba. Da sunan yake horar da 'yan dambe, da shi ake tashi a ba shi kujera. Haushinsa nake ji har cikin ƙashina, kuma tausayinsa ya hana ni numfashi.

Sai na ji bakina yana cewa ta ciki jinin ke zuba, ta bayan fatar ido, kyamara ba za ta nuna ba. Tica ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai dama ya faɗa. Direba ya dube ni duban da yake yi wa fasinjan da ya ce buhunsa ba nauyi. Na ɗauraye askar, na juyo zan ƙarasa gefen dama.

Yaya ya riƙe mini wuyan hannu. Har yanzu riƙonsa na da zafi.

"Ƙarya yake muku," ya ce, idonsa a rufe. "Wasan na ce ya tsayar. Bahago uku nake gani, ban san wanda zan daka ba. Da na koma, da gawata za a fitar."

Tica ya kashe wayar ya rasa aljihun da zai sa ta. Direba, da ya ci gardamar shekara ashirin da uku, ya sunkuyar da kai yana kallon gashin da ke ƙasa. Ni kuma na jira in ji sanyi a raina, ban ji ba. Wani irin fushi ne ya taso mini, har sai da na ajiye askar nesa da kaina.

Na goge masa fuska, na cire masa ƙyallen wuya, na ɗauko makullin shago, ko da yake rana ba ta yi tsaka ba kuma gemunsa rabi ne a gyare. Ya tambaye ni ina za mu. Na ce waɗannan biyun ba su ne suka juya mini baya ba.

"Inna ba ta da lafiya," ya ce a hankali. "Ka bari ta ɗan samu sauƙi."

"Na bari shekara ashirin da uku, Yaya. Ita ba ta da wasu shekarun. Tashi."

Ya kalli hannuwansa. Sannan ya miƙe, ya biyo ni. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu yana tsayawa wai zai gyara takalminsa. Da muka isa ƙofar ɗakinta, muka ji tana tari, tana tambayar wa ke nan. Guduma ya dafa bango, ya ce in yi masa rai in shiga gaba. Na matsa gefe na ba shi hanya.