Kurwar Luba a Cikin Tulu

Duk unguwar Ruwais, can ƙasa mai tsarki, an san Sauda mayya ce, sai dai babu mai faɗa a gabanta. Ba ta roƙi maitar ba, a nonon uwarta ta sha tun suna Sudan. Shekara tara tana danne yunwarta da jinin akuya daga mahauta, har ta haɗu da Luba, bazawara mai ɗinkin hular alhazai. Suka kama ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, matan unguwa suna ta zunɗe. Sauda na son Luba irin son da ba a kai shi gaban iyaye, Luba ma haka.

Da tarin fuka ya kama Luba, likita ya ce ba za ta ga azumi ba. Sauda ta yi abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba. Ta zare kurwar Luba ta ɓoye a tulu, don in ciwo ya zo ɗauka ya tarar da gida babu kowa. Kullum da safe takan tsotse wa Luba mataccen jini ta gefen wuya. Luba ta rame kamar sillen kara, amma azumi uku ta gani. Ranar da kurwar ta koma jikin, ranar za ta mutu, su biyun duk sun sani.

Sai ga Abdulghaffar, yayan Luba, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda shekara uku bai leƙo da ko lemo ɗaya ba. Ya ga tabon haƙora a wuyan ƙanwarsa, zumunci ya motsa masa. Kafin la'asar ya cika tsakar gida da mutane, aka shimfiɗe Luba a ƙasa, aka ce Sauda ta tsallake ta sau uku kamar yadda ake sa mayu, ta saki abin da ta kama.

Sauda ta yi musu bayani har muryarta ta dishe. Ta zage su, ta tambaye su ina suke lokacin da Luba ke aman jini a kwano. Wa zai saurari mayya? Abdulghaffar ya ce ya san ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, in ta ƙi, 'yan sanda za su jefa ta a jirgin Sudan. Kurwa kuwa ba ta zama a tulu in mai riƙonta ta ƙetare teku. Ko ta wace hanya an kashe Luba, zaɓin da ya rage wa Sauda shi ne ta kasance a wurin ko kada ta kasance.

Luba ta ɗago ido ta dube ta.

"Halas, ya isa haka, habibti, masoyiyata. Tsallake. Gara ƙafarki da ta wani."

Sauda ta tsallake tana kuka. A na uku tulun ya tsage a ɗaki. Jini ya dawo fuskar Luba, kumatunta suka yi kyau, mata suka rangaɗa guɗa. Abdulghaffar na cewa "Kun gani ko?" tari ya turnuƙe Luba, ta yi shure-shure biyu, ta yi shiru.

Guɗar ta mutu a bakin masu yinta. Sauda ta rufe wa Luba ido, ta gyara mata kallabi, sannan ta miƙe ta fuskanci Abdulghaffar.

"Na saki ta ƙanwarka, na kama taka kurwar," ta ce. "Yalla, maza faɗa mini wa zai sa ni in tsallake ka."