Amyar Jaji a Sa'alaba

Shekara ashirin da biyu Jaji ya yi a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, amma ba wannan ke ci masa rai ba. Shi dai bai ƙara jin kukan ƙudan zuma ba, alhali a ƙauyensu na wajen Ningi kiwon zuma ne sana'arsa. Da idanunsa suka soma yana, sai ya saƙa amya da ganyen dabino, ya shafe ta da kashin raƙumi tunda na shanu ya gagara, ya turara ta, ya rataye a soron gidansu na unguwar Sa'alaba. Ya kuma gaya wa matarsa Sauda cewa in sanyin bana ya fita zuma ba ta zo ba, zai tafi ƙarƙashin gadar da ake kwasar marasa takarda, a mai da shi gida.

Sauda haifaffiyar Jidda ce. Nijeriya a baki ta san ta, zuma kuwa a kwalba. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don Jaji ba ya magana biyu. Ta jera gwangwanayen madara a soron, ta shuka raihani, kullum tana hawa da jarkar ruwa har ya yi fure.

Malam-buɗe-littafi ne ya fara zuwa, farare guda biyu, suka gama yangarsu suka tafi. Rannan da hantsi sai ga ihunta.

"Malam! Yalla, taso! Wallahi sun zo!"

Ya hau yana dafe da kafaɗarta.

"Yaya kamarsu?"

"Ratsin rawaya da baƙi. Ga ɗaya nan ya tsaya cak a iska, kamar an rataye shi da zare."

Jaji ya kasa kunne. Ƙarar siririya ce. Ya san zuma ba ta irin wannan tsayuwa. Ƙuda ne kawai mai aron rigarta, ba harbi, ba saƙa. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji hannunta a kan nasa, tafin duk ya yi kanta saboda jarka. Tausayinta ya cika masa ƙirji.

"Su ne," in ji shi. "Sai dai irin na nan ba sa gaggawar shiga amya."

"Har yaushe ke nan?"

"Shekaru. Dole mutum ya zauna ya jira su."

Sauda ta share ido da gefen mayafi, ta sauka ɗauko masa kujera.