Zaman Benci a Ƙofar Farfesa

Taƙaitaccen bayanin al'amarin shi ne kamar haka: wata ɗaliba, wadda a gida ake kira Auta, jami'arsu ta tura ta ƙasar waje karatun zango ɗaya bisa tsarin musayar ɗalibai. Ta tafi lafiya, ta dawo lafiya, sai dai saura ƙiris zangon ya tashi a banza saboda sa hannu guda ɗaya.

Akwai wani fom mai shafi biyu da ya wajaba Farfesan da ke kula da baƙin ɗalibai ya sa wa hannu kafin ƙarshen mako na huɗu. In ba haka ba, jami'ar gida ba za ta lissafa darussan ba, Auta kuma ta maimaita shekara. A jikin ƙofar Farfesa an rubuta cewa yana ganin ɗalibai ran Talata, ƙarfe biyu zuwa huɗu.

Mahaifin Auta tsohon akawu ne, shekara talatin da biyu ya yi a sashen rajista, kuma tun a filin jirgi ya ba ta ƙa'idar ganin manya. "Ba a faɗa wa babba ofis. Ki zauna inda zai gan ki, fayil a cinya, fuska a sake. In ya ga dama zai kira."

Talatar farko ta iso biyu saura kwata, ta sami benci daura da ƙofar, ta zauna. Ƙofar a buɗe take, tana hango Farfesa tsakanin tulin takardu da wata tukunyar fure da ta kusa bushewa. Ɗalibai suka riƙa zuwa da kofin shayi a hannu, su ƙwanƙwasa sau ɗaya su shige. Auta ta yanke a ranta cewa ko 'ya'yan manya ne, ko marasa tarbiyya. Ƙarfe huɗu Farfesa ya fito, ta miƙe ta rusuna, ya gyaɗa kai ya wuce.

Talata ta biyu ma haka, sai dai an sami ƙarin murmushi. Da yamma ta kira gida.

"Ya gan ki?" in ji Baba.

"Ya gan ni, Baba. Har murmushi ya yi."

"To magana ta yi nisa. Ni akwai daraktan da na yi wa zaman wata biyu kafin in ga haƙorinsa."

Daga can gefe muryar mahaifiyarta ta shigo. "Malam, kai dai koya wa yarinya zaman benci. Da shi ka yi ritaya."

Talata ta uku ita ce ta ƙarshe kafin wa'adi. Auta na zaune, tana lissafin yadda za ta zauna aji ɗaya da 'yan bayanta. Huɗu saura minti goma wata dattijuwa mai goge baranda ta iso da bokiti.

"Ɗaga ƙafa, 'yata. Wai wa kike jira ne? Mako uku ina zagaye takalminki."

"Farfesa nake jira ya kira ni, Iya."

Dattijuwar ta dafa sandar gugarta ta dube ta sosai. "Ya kira ki? Shekara goma sha ɗaya ina goge nan, ban taɓa jin ya kira kowa ba. Don me kike tsammani ya bar ƙofar a buɗe? Iska yake sha?"

Auta ta miƙe. Taku shida ne tsakanin benci da ƙofa, ta yi su tana jin kamar za ta aikata laifin da za a rubuta a fayil. Ta ƙwanƙwasa.

"Af, ashe wurina kika zo!" in ji Farfesa. "Na ɗauka maƙwabcina kike jira, har ina cewa mutumin nan ba ya kyautawa."

Ya karɓi fom ya sa hannu. Sannan ya tambaye ta me ya sa ta zaɓi darasin nazarin ƙasar noma, ya janyo mata kujera. Ta fara amsawa murya ƙasa-ƙasa, daga baya ta manta da murya. Sai biyar saura suka tashi. Daga ranar kowace Talata tana shiga, da tambayoyinta a rubuce.

Da ta ba Baba labari, sai ya ce:

"Ofis ba masinja, ba sakatare? Allah ya kyauta. Amma ya sa kwanan wata a ƙarƙashin sa hannun?"

"Ya sa, Baba."

"To, mutumin kirki ne."

Abin da lamarin ya ci: Talata uku, awa shida da 'yan mintoci na zama, darasin ɗakin gwaji guda ɗaya da ta rasa, ciwon baya na kwana biyu. Sa hannun kansa, daƙiƙa huɗu.